Bukkoki: unguwar Yamai da tarihinta ke da jijiya a Dallol

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mutanen Kurfai sun daɗe suna ƙaryata wannan karin magana da ƙafafunsu. Kowace shekara, da zarar an gama girbi an ɗaure damman hatsi, samari daga Filinge da Abala da Sanam da Cikal sukan kama hanyar Yamai don cin rani, kuma akasarinsu sukan koma gida kafin saukar damina. Wasu kuwa sun zauna, sun yi aure, sun hayayyafa a babban birnin. Ɗaya daga cikin unguwannin da suka daɗe suna karɓar irin waɗannan baƙi ita ce Bukkoki, wadda taswirar birni ke rubutawa da harufan Faransanci "Boukoki". Abin dubawa a nan shi ne yadda rubutaccen tarihin Yamai ya ɗauki wannan unguwa, da abin da ya gani, da abin da ya bari a baya.

Sai a fara da yanayin wurin. Yamai na zaune ne a kan tudu, a gefen hagu na kogin Isa, kuma wani kwari mai suna Gunti Yena ya tsaga tudun gida biyu. Bayan da gwamna Jules Brévié ya ɗauko mazaunin mulki daga Damagaram ya maido shi Yamai a shekarar 1926, masu tsara birnin sun yi amfani da wannan kwari tamkar katanga: yamma da shi aka shata Filato, unguwar Nasara mai faffaɗan tituna da itatuwa da gidajen ma'aikatu, gabas da shi kuma aka bar wa ƴan ƙasa. Gobarar da ta cinye gidajen kara a shekarar 1935 ta ba hukumar mulkin mallaka damar sake yanka filaye a miƙe, da tilasta gini da ƙasa a cikin gari. Wanda ba ya da halin yin gini sai ya matsa baya. Bukkoki ta tsiro ne a bayan wannan tsararren gari, ta wajen arewa da babbar kasuwa, kusa da inda kasuwar Katako take a yau. Daga baya hukuma ta yanka ta, ta kasa ta kashi huɗu, Bukkoki ta ɗaya zuwa ta huɗu, kuma birnin ya yi ta faɗaɗa har ya wuce ta da nisa, ta yadda unguwar da ta kasance bakin gari ta koma tsakiyarsa.

Sunan kansa hujja ce ta tarihi. Bukka ita ce ɗan ɗakin kara da zana wanda manomi ko makiyayi ke kafawa inda ba ya da niyyar daɗewa, ko inda ba a ba shi izinin daɗewa ba. Jam'inta bukkoki. Ke nan sunan unguwar yana faɗin abu uku a lokaci guda: irin ginin farko, matsayin mazauna na farko a gaban hukuma, da harshen da aka raɗa sunan da shi. Yamai a ƙasar Zabarmawa take, kuma sunayen unguwanni da yawa na Zabarmanci ne, kamar Banizumbu, wato lafiya ta sauka, da Kwara Tagi, wato sabon gari, da Haro Banda, wato bayan ruwa. Amma a gefensu ga jerin sunayen Hausa: Zango, Sabon Gari, Wadata, Katako, Turaku. Idan aka lura, kusan dukansu sunayen sauka ne da ciniki da sufuri: masaukin fatake, tashar mota, kasuwar katako da ƙarafa, kasuwar dabbobi inda ake kafa turaku. Taswirar da ta rubuta "Boukoki" da "Tourakou" ta adana sautin, amma ta rufe ma'anar, har ɗalibi Bahaushe ya karanta sunan a aji bai gane cewa kalmar gidansu ce ba.

Rubuce-rubucen da aka yi a kan Yamai ba kaɗan ba ne, kuma wasunsu sun cancanci yabo. Suzanne Bernus ta wallafa nazarinta a shekarar 1969 a kan yadda ƙabilu ke riƙe da al'adunsu a cikin birnin. Arouna Hamidou Sidikou ya gabatar da babban kundinsa na labarin ƙasa a kan Yamai a jami'ar Rouwan ta Faransa a shekarar 1980. Boureima Alpha Gado ya rubuta tarihin birnin, ya kuma raɗa wa littafin sunan da talakawa suka san garin da shi a da, wato garin Kaftan Salma, kyaftin ɗin Faransa Salaman wanda ya riƙe wurin a farkon ƙarni na ashirin. Duk mai son sanin yadda ƙauyen bakin kogi ya zama birni mai mutum kimanin dubu talatin a 1960, sama da dubu ɗari biyu a ƙidayar 1977, da kimanin miliyan ɗaya a ƙidayar 2012, ba ya da makawa sai ya bi ta kan waɗannan ayyuka.

Sai dai akwai iyaka da irin wannan nazari ke da ita, wadda ta samo asali daga inda mai nazarin ya tsaya. Tarihin birni yakan fara ne daga tsakiya, daga fadar gwamna da bakin kogi da tsofaffin unguwanni irin su Mawre da Kalle da Gawe, sannan ya bi yaɗuwar gari zobe bayan zobe. A wannan tsari, unguwa irin Bukkoki ba ta shigowa cikin labari sai a ranar da ta zama matsala ga mai tsara birni: cunkoso, gobara, rashin magudanan ruwa, zama ba takarda. Mazauninta kuma yakan bayyana ne a matsayin adadi cikin jadawali, ko a ƙarƙashin sunan ƙabila. To amma mutum ba ya faɗowa daga sama ya kafa bukka. Akwai ƙauyen da ya baro, da dalilin da ya taso da shi, da hanyar da ya biyo, da ɗan'uwan da ya sauke shi. Wannan rabin labarin yana can wajen birni, kuma ga mutanen Kurfai yana cikin Dallol Boso.

Dallol Boso tsohon kwarin kogi ne da ya ƙafe, wanda ya gangaro daga Azawak ya bi ta ƙasar Abala da Filinge da Baleyara har ya kai ga kogin Isa. Ruwan rijiya a cikinsa ba ya da nisa, shi ya sa ya tara manoma da makiyaya, Kurfayawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani. Amma ruwan sama a can bai kai na Yamai ba, kuma yana raguwa gwargwadon yadda aka yi arewa. Filinge na da tazarar kimanin kilomita 180 daga Yamai, Abala kuwa ta fi haka nisa, tana dab da iyakar Mali. Shekara ɗaya ta fari ko ta fara ta isa ta tayar da gida ɗungurungum. Yunwar 1931 ta kora dubban mutanen yammacin Nijar zuwa Yamai. Ta 1973 da 1974 ta bar wa birnin unguwar Lazare, wadda ta faro daga sansanin waɗanda fari ya koro. Ta 1984 ta ƙara wani zoben. A gefe guda kuma, soke aikin tilas a 1946 ya saki ƙafafun jama'a, mutum ya sami damar zuwa birni da ƙashin kansa don neman kuɗin haraji da na aure. Alpha Gado kansa ya rubuta tarihin yunwa a Sahel a 1993. Abin da ya rage shi ne a haɗa wancan tarihi da taswirar unguwanni, a ga wace shekarar wahala ce ta haifi wane layin gidaje.

Akwai wani abin lura game da Kurfai. Duniyar masana ta san wannan ƙasa sosai, amma ta wata ƙofa daban. A Cikal ne, wajen shekarar 1925, tafiyar Hauka ta ɓulla, inda masu bori suka riƙa kwaikwayon sojoji da kwamandojin Nasara, suka kuma bijire wa sarautar da mulkin mallaka ya ɗaure wa gindi. Kwamandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kamo su aka kulle su. Daga baya tafiyar ta bi ƴan ci-rani zuwa ƙasar da ake kira Gana a yau, kuma a can Akara ne Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa mai suna Les Maîtres fous a tsakiyar shekarun 1950. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan fim da kan tafiyar Kumasi da Akara. Doguwar hijira mai ban mamaki ta ja hankalin kamara da alƙalami. Gajeruwar hijira kuwa, ta mai tallar ruwa da mai dako da mai ƙera tukwane a Katako da dillalin Turaku, ba ta sami irin wannan gata ba, alhali da guminta aka gina wani sashe babba na babban birnin.

Abin da ke cikin haɗari a nan ba ƙarami ba ne. Dattawan da suka ga Bukkoki tana bukkoki na gaske suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da suka sani ba ya cikin kundin ma'aikatar filaye. Kundin ya san lambar fili da sunan wanda ya saya. Bai san wane mai gida ne ya riƙa sauke ƴan garinsu kyauta ba, bai san wane masallaci ne mutanen wane ƙauye suka gina da karo-karo ba, bai san ta hannun wane direba ake aika kuɗi da saƙo gida ba kafin zuwan wayar salula. Bugu da ƙari, hanyar ba ta daina kawo mutane ba. Tun daga 2012 Abala ta karɓi ƴan gudun hijira daga Mali, kuma rashin tsaro a arewacin jahar Tilaberi ya raba iyalai da yawa da gonakinsu. Sababbin masu zuwa sukan sauka ne a can bakin gari, bayan shingen dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye birnin. Wanda bai san yadda Bukkoki ta faro ba, zai dubi bukkokin yau a matsayin ƙazanta da ya kamata a share, ya manta cewa tsakiyar birnin da yake taƙama da ita haka ta soma.

Gyaran wannan giɓi bai fi ƙarfin malamai da ƙungiyoyin al'adu ba. Malamin tarihi da labarin ƙasa a kwalejin Abala ko lisen Filinge yana iya sa kowane ɗalibi ya tambayi gidansu: wa ya fara zuwa Yamai, a wace shekara, a wace unguwa ya sauka, da wace sana'a. Malamin Hausa yana iya ɗaukar sunayen unguwanni ya maido su ga rubutun Hausa, ya bi asalinsu da ɗalibai. Ƙungiyoyin ƴan asalin Kurfai mazauna Yamai kuma, waɗanda dama sun saba haɗuwa wajen biki da ta'aziyya da gudummawar gida, suna iya naɗar muryoyin dattawansu, su kai ajiya cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta jami'ar Abdou Moumouni ko cibiyar adana adabin baka ta Tarayyar Afirka da ke Yamai. Idan aka haɗa amsoshin Abala da muryoyin Bukkoki, to a lokacin ne za a iya rubuta tarihin unguwar daga bakinsa biyu, na birni da na Dallol, cikin harshen da aka raɗa mata suna da shi.