Ruwan Bagaja da Ruwan Lourdes: Gurbin Likita a Labarin Mu'ujiza

1.0 Gabatarwa

Labarin warkewa ta hanyar al'ajabi tsohon jigo ne a adabinmu, na baka da rubutacce. A ƙasar Lafiya ta Jihar Nasarawa, inda ɗariƙar Katolika ta kafa dayosis a 2000, Hausa ce ke haɗa Eggon da Alago da Migili da Bahaushe, kuma a garuruwa irin su Ashige da ita Musulmi da Kirista ke ba juna irin wannan labari. Manufar wannan maƙala ita ce mu dubi zubin labarin ta fuskar tauraro guda da marubutanmu suka saba mantawa da shi, wato likita.

2.0 Waraka ba tare da bincike ba

A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam (1934), ɗan sarki ne ba lafiya, Alhaji Imam ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da shi, ya samo, yaro ya miƙe. Ba a faɗa mana sunan cutar ba, ba wanda ya gwada ruwan. Wannan ba aibi ba ne ga Imam, domin tun farko mai karatu ya san raha da ban dariya aka zo yi. Aibin yana wurin marubucin yau da zai ɗauki wannan zubi ya ɗora wa labarin da ke da'awar kama da gaskiya. A irin wannan rubutu likita layi ɗaya gare shi: ya girgiza kai, ya ce a koma gida. Daga nan sai a kore shi daga labarin.

3.0 Yadda Katolika ke tace labari

A nan ne tsarin Katolika yake da abin koya wa manazarci, ko da bai bi wannan aƙida ba. Abin da suke jingina wa addu'ar tsarkaka ya fi kusa da abin da malamanmu ke kira karama, tunda mu'ujiza a wurinsu ta annabawa ce. A garin Lourdes na Faransa, inda wata yarinya, Bernadette, ta ce ta ga Maryamu a 1858, an gwada ruwan maɓuɓɓugar a wannan shekara, aka tarar ruwan sha ne kamar kowane. A 1883 aka buɗe ofishin likitoci a wurin. Sharuɗɗansa sun samo asali daga Prospero Lambertini, wanda ya zama Fafaroma Benedict na 14: cutar ta kasance mai tsanani kuma an tabbatar da ita, kada magani ya zama sanadi, warakar ta zo farat ɗaya, ta cika, ta kuma ɗore. Daga rahotanni fiye da 7,000, guda 70 kacal aka amince da su zuwa 2018.

Misalin gida shi ne na Fada Cyprian Tansi, mutumin Aguleri, wanda ya rasu a Ingila a 1964. Da aka dawo da gawarsa Onicha a 1986, wata mace mai ƙari a jiki ta taɓa akwatin, aka ce ta warke. Sai da likitoci suka bi takardunta, malaman tauhidi suka biyo baya, kafin Fafaroma John Paul na 2 ya ayyana Tansi mai albarka a Oba, ranar 22 ga Maris, 1998. Shekara 12 ke nan ana tankaɗe da rairaya.

4.0 Iyakar kowa

Abin lura shi ne likita ba ya cewa mu'ujiza ce. Iyakarsa ya ce ilminsa bai gano dalili ba. Sauran magana ta malaman addini ce. To, amma nan ma akwai rauni, domin abin da ya gagari likitan bana yana iya zama darasin ɗalibin baɗi. Cocin ma ya san haka: bai wajabta wa mabiyansa gaskata warakar Lourdes ba, kuma ƙa'idojin da Batikan ta fitar a 2024 sun ƙara ɗaure wa bishop hannu wajen tabbatar da wahayi da makamantansa. Wannan tazara, tsakanin rashin sanin likita da yaƙinin mai imani, ita ce ainihin ƙullin labari, kuma ita ce marubutanmu ke tsallakewa.

5.0 Kammalawa

Ba muna cewa a raba adabi da al'ajabi ba ne. Da an yi haka da tatsuniya ta mutu. Muna dai tunatar da matasan marubuta cewa cikin masu karanta su akwai mai jinya, kuma labarin da ya nuna likita a matsayin abokin gaban imani yana iya sa wani ya ajiye ƙwayarsa. A bar likita ya zauna har ƙarshen labari, da takardunsa da shakkarsa. In warakar ta tsaya da ƙafarta a gabansa, ta fi ratsa zuciya. In ta faɗi, dama ramin ƙarya ƙurarre ne.