Yara Biyu da Harshen Aro: Bubu Hama da James Joyce

Duk mazaunin Yamai ya san sunan Bubu Hama, ko don gidan tarihi na ƙasa da ke ɗauke da shi. Sai dai ɗan siyasar da ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974 ya yi wa marubucin inuwa, har ana mantawa da Kotia-Nima, littafin ƙuruciyarsa da Présence Africaine ta buga a Paris a ƙarshen shekarun 1960, wanda ya ci babbar kyautar adabin Afirka baƙar fata. Hanya ɗaya ta gane ƙarfinsa da rauninsa ita ce a jera shi da wani littafin ƙuruciya daga ƙasar Ailan, wato A Portrait of the Artist as a Young Man na James Joyce, wanda ya fito a 1916.

Kowannensu ya saka wa kansa sunan aro, ya ba da labarin yaron da makaranta ta raba da gida. Stephen Dedalus na Joyce ya tashi a hannun limaman Katolika a Clongowes da Belvedere, lokacin Ailan tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Bubu Hama kuwa, haifaffen Foneko a 1906, an ɗauke shi zuwa lakwal a Tera, daga nan Dori, Wagadugu, har makarantar William Ponty da ke tsibirin Gore, ya dawo a 1929 yana malamin makaranta. Duka biyun sun yi rubutu da harshen mai mulkinsu.

A nan suka raba hanya. Joyce ya tanƙwara Ingilishi ya bi hankalin yaron. Shafin farko da gwarancin jariri aka rubuta shi, jimlolin suna girma yadda Stephen yake girma, su cika da tsoron wuta lokacin da wa'azi ya firgita shi, su yi girman kai lokacin da ya shiga jami'a. Marubucin bai taɓa leƙowa ya ce ga abin da ake nufi ba. Bubu Hama ya haura shekara sittin lokacin da littafinsa ya fito, kuma dattijon bai iya barin yaron ya yi magana shi kaɗai ba. Da Kotia-Nima ya ga wani abu, sai malami ya karɓe zancen, ya shiga bayanin tarihin Songai da tunanin Afirka, fuskarsa na kallon Turai. Ta fuskar ƙagaggen labari wannan rauni ne, kuma girman marubucin bai kamata ya hana a faɗa ba.

Amma hukuncin bai ƙare nan ba. Stephen ya juya wa uwa, coci da ƙasa baya ya fice, kamar yadda Joyce ya bar Dablin a 1904, ya rasu a Zurich a 1941. Yana iya yin haka, don Ailan ɗin da ya bari tana rubuce a littattafai. Ɗan Foneko ba shi da wannan sukuni. Abin da ya gada yana bakin tsofaffi ne, in ya yi shiru ya bi su kushewa. Shi ya sa bayani ya rinjayi labari a wurinsa: mai kwashe kaya daga gidan da ke cin wuta ba ya tsayawa jera su.

Malaman makaranta za su fi kowa jin wani wuri a littafin Joyce, musamman tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Stephen yana hira da wani limami Bature ɗan Ingila, ya kira mazurari da sunan da ake kiransa a Dablin, limamin bai san kalmar ba. Nan take yaron ya ji cewa harshen da suke magana na wancan ne kafin ya zama nasa. Duk wanda aka taɓa hukuntawa a aji don Hausa ko Zabarmanci ya suɓuce masa ya san wannan ɗaci. Daga baya Stephen ya duba ƙamus, ya tarar kalmar tsohon Ingilishi ce tsantsa, limamin ne bai san ta ba.