Sannunku da Aiki, Ma'aikatan Laburare

Ɗalibin jami'ar karatu daga gida, irin NOUN da aka farfaɗo da ita a 2002, yakan zauna karatu bayan isha'i, a gajiye, ba malami kusa. Mai kama masa hannu shi ne ɗan bidiyon da ma'aikacin laburare ya shirya, yana nuna yadda ake shiga JSTOR ko AJOL a zaƙulo maƙalar da ta dace.

Abin da ya fi burge ni, ma'aikatan nan sukan dawo su tankaɗe aikin nasu. Bidiyon ya yi tsawo har ya cinye data? Ba a sa rubutu a ƙasa domin kurame ba? Shafin ya canza fuska tun bara? To, sai a sake ɗauka, ba wanda ya ce musu sannu.