Muƙaddimar da Aka Ɓoye: Nazari a kan Wani Giɓi a Sullam na Ahdari

Sullamul Munauraƙ, wanda Shehu Abdurrahman al-Ahdari ya nazamta a shekara ta 941 bayan Hijira, shi ne ƙofar da galibin ɗaliban ƙasar Hausa suke shiga ilimin manɗiƙ ta cikinta. Falalarsa a bayyane take: ya tattara ƙa'idojin fannin cikin baitocin da ake haddacewa a ɗan lokaci. Sai dai taƙaitawar ta bar giɓi a wata mas'ala da mai fatawa ba ya wadatuwa da barinta.

A bahasin ƙiyasi, Ahdari ya ambata a baiti guda cewa ana iya shafe ɗaya daga cikin muƙaddimomi, ko natija, idan sananniya ce. Wannan gaskiya ne, amma rabin zance ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya kawo ɗaya rabin a gabatarwar Mustasfa: wani lokaci ana barin muƙaddima ne domin a rikitar da mai sauraro, saboda da an furta ta da ƙaryarta ta fito fili. Misalinsa shi ne a kira mutum maci amana don an gan shi yana ganawa da abokin gaba. Abin da aka haɗiye shi ne cewa duk mai ganawa da maƙiyi maci amana ne, alhali mai sulhu ma yana ganawa da shi.

Tasirin giɓin yana bayyana a wuri kamar Shanono, inda tambayoyin zakka suke yawaita da kaka. Manomi ya tambaya game da gyaɗarsa, ɗalibi ya amsa cewa babu zakka a cikinta, domin ba a ambace ta a Risala ko Muhtasar ba. Wanda ya tsaya a kan Sullam zai ɗauka abin da aka shafe sananne ne. Amma idan aka fito da shi, ga yadda yake: duk amfanin gonar da littattafan nan biyu ba su ambata ba, babu zakka a cikinsa. Ibn Abi Zaid ya rasu a 386, Halil kuwa a ƙarni na takwas, gyaɗa kuma daga Kudancin Amurka ta zo bayan zamaninsu. Shirunsu a kanta ba hukunci ba ne. Masara ma daga nahiyar Amurka ta zo, ga shi ana fitar da zakkarta.

Ba nufin wannan nazari ba ne ya rinjayar da wani ƙauli game da gyaɗa. Mai cewa babu zakka yana iya kafa hujja da cewa Malikiyya sun iyakance ta a jinsuna ashirin; mai wajabtawa yana iya riskar da ita ga ƙaɗaniyya irin su wake, ko ga masu mai irin su riɗi. Kowannensu ya bayyana illarsa, ana iya tattaunawa da shi. Wanda ya ɓoye muƙaddimarsa kuwa ya yanke hukunci a kan haƙƙin miskinai ba tare da an auna dalilinsa ba.

Saboda haka ya dace mai karantar da Sullam ya dakata a wannan baiti, ya kawo wa ɗalibai fatawoyin da suke ji a kasuwa da masallaci, ya nemi su rubuta muƙaddimar da ba a faɗa ba, sannan su tambaya: an bar ta ne don saninta, ko don rauninta? Allah ne Mafi sani.