Ƙofar Ayana: Sake Karanta Labarin Bayajidda

Duk wanda ya yi firamare a ƙasar Hausa ya san labarin. Baƙo ya iso Daura da dare, ya nemi ruwa, aka ce masa rijiyar Kusugu ba ta ɗebuwa sai ranar Juma'a saboda macijin da ke ciki. Ya je ya sare kan macijin, ya auri Sarauniya Daurama. Haka muke ba da shi a aji da dandalin wasan kwaikwayo: muna sauri mu kai ga wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera. A ganinmu, wannan saurin ya sa muna tsallake ƙashin bayan labarin.

Kafin Bayajidda ya zama jarumi, ɗan gudun hijira ne, har sau biyu. Ruwayar ta ce ya baro Bagadaza ya sauka Barno, Sarki ya karɓe shi ya ba shi 'yarsa Magira. Daga baya aka raba shi da dakarunsa, aka shirya halaka shi, ya tsere da matarsa tana da ciki. Mutumin da ya tsaya a ƙofar tsohuwa Ayana ba shi da dangi a garin, kuma sarki ne ke neman ransa. Da harshen yau, mai neman mafaka ne.

Ayana ta ba shi masauki tun bai kashe komai ba. Ba ta nemi shaida ba. Sai gari ya waye ne fada ta shiga bincike: wasu suka yi da'awar su suka kashe macijin, aka ce a kawo kan, Ayana ta ambaci baƙonta, shi kuma ya fito da hujja. Karɓa iri biyu ke nan a labari ɗaya: ta tsohuwa, wadda ta dubi buƙatar baƙo, da ta fada, wadda ta dubi amfaninsa. Mu masu ba da labarin ta biyun muka ɗaukaka, har muna koya wa yara, ba da niyya ba, cewa baƙo sai ya sayi wurin zamansa da bajinta.

Dokar mafaka ta zamani ta fi kusa da Ayana. Yarjejeniyar 1951 ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ke wajen ƙasarsa, yana da tsoro mai tushe cewa za a tsananta masa saboda launin fata, addini, asalin ƙasa, ra'ayin siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukunin jama'a. Sashe na 33 ya hana a mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta ƙara da wanda mamaya ko mummunan tashin hankali ya kora. Ba a tambayar me zai kawo wa gari. Amma fadar tana nan: jami'i zai zaunar da shi, ya sa shi maimaita labarinsa daki-daki, yana lura da inda magana ta saɓa. Sau da yawa wanda ya gudu da rigar jikinsa ba shi da kan maciji, bakinsa ne kawai hujjarsa.

Wadda ta fi kama da irin wannan mutum ita ce Magira, kuma ita ruwayar ta ajiye a hanya. An bar ta a Garun Gabas, ta haifi Biram, shi ke nan. Wa ya ba ta ɗaki? Me ta faɗa wa mutanen garin? Shiru. Wannan giɓi aikin marubuci ne.

Kada mu ɗauka maganar tatsuniya ce. Wajen 1805, da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Ishaku suka ci Daura, Sarki Abdu da zuriyarsa gudu suka yi, sarautar ta zauna a wurare irin su Zango da Ɓaure, sai farkon ƙarni na 20 Turawa suka dawo da gidan. M. G. Smith ya bi diddigin wannan a littafinsa kan Daura na 1978. Gidan da ya karɓi baƙo shi ma ya ɗanɗani baƙunta. A 2019 kuwa dubban mutane daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, ƙauyawa suka buɗe musu ɗakuna kafin hukumomi su yi rajistarsu. Waɗannan ƙauyawa jikokin Ayana ne, ko ba su san sunanta ba.

Ba mu ce a daina labarin maciji ba. Rijiyar tana nan, yara na son sa. Roƙonmu ga mai rubuta shi nan gaba, a littafi ko fim, shi ne ya ɗan dakata a bakin ƙofar nan. Ya bar mu mu ji yadda baƙon ya yi sallama, da abin da tsohuwa ta auna a ranta kafin ta amsa. Baƙonka ruwa ne, sha shi kafin ya wuce. Ayana ko ruwan ba ta da shi a daren, amma ta buɗe.