Jinjina ga Malaman Darasin Fahimta

Aliero ta shahara da albasa da masu ɗori, amma yau malaman harshe na sakandaren Aliero, Jega da Maiyama zan yi wa jinjina. Yadda mai ɗori ke lalubo karaya ƙarƙashin fata, haka suke koya wa ɗalibi lalubo ra'ayin marubuci.

Dubi rasuwar ɗalibin Dowen College ta Legas a 2021: iyaye suka ce ɗalibai ne suka lakaɗa masa duka, makaranta ta ce rauni ya ji wajen ƙwallo. Idan malamin kirki ya kawo labarin nan aji, ba zai yanke hukunci ba. Tambaya zai yi: wa ya rubuta, muryar wa aka danne? A ajin nasa kuwa akwai siniyan da jiya ya ƙwace garin ƙaramin yaro, yana saurare.