Gwanayen da Ke Ɗumama Gidajen Helsinki da Zafin Kwamfuta

Duk wanda ya daɗe yana kallon bidiyo a waya ya san yadda bayanta ke ɗaukar zafi a tafin hannu. To, ƙiyasta kwamfutoci dubbai jere a ɗaki ɗaya, suna aiki dare da rana ba hutu. Wannan ita ce cibiyar adana bayanai, kuma kusan duk wutar lantarkin da ta sha zafi take komawa. A birane da yawa sai a kunna manyan na'urorin sanyaya ɗaki a kori zafin waje, a sake biyan kuɗin wuta a kan korarsa.

Injiniyoyin Helsinki, babban birnin Finland, sun gane cewa abin da ake korar nan dukiya ne. A ƙarƙashin majami'ar Uspenski, wadda aka kammala da jan bulo a 1868, akwai kogon da aka sassaƙa cikin dutse don fakewa daga bama-bamai. A 2010 kamfanin Academica da kamfanin makamashi na birnin, Helsingin Energia, suka jera kwamfutoci a ciki, aka ƙiyasta cewa zafinsu zai ɗumama gidaje kusan 500.

Ga yadda aikin yake. Ruwa mai sanyi yana bi ta bututu kusa da kwamfutocin, ya kwashe zafinsu ya fita da ɗumi. Ɗumin nan bai kai ya yi wa hunturun Finland komai ba, don haka sai a bi da shi ta na'urar ɗaga zafi. Sa hannunka a bayan firiji, za ka ji iska mai ɗumi: firijin ne ke zaro zafi daga ciki yana fitarwa. Haka na'urar take yi, sai dai ita tana tattara zafin ta zuba shi cikin ruwan da ke zagaya birnin ta ƙarƙashin ƙasa, har ya isa ɗakin kwana da banɗakin mutane. Wata babbar tashar irin waɗannan na'urori tana aiki a ƙarƙashin lambun Katri Vala tun 2006.

Gwanintar tana wajen awo. In ruwan ya yi ɗumi da yawa, kwamfutoci su wahala; in ya yi sanyi ainun, zafin da za a samu ya yi kaɗan. Kullum idon injiniya yana kan ma'auni, yana daidaita gudun ruwa da buƙatar gari, rani da hunturu.

Dabarar ta yi yaɗo. A 2022 kamfanonin Microsoft da Fortum sun sanar da shirin da zai biya kusan kashi 40 cikin 100 na buƙatar ɗumi ta mutum 250,000 a birnin Espoo da maƙwabtansa. Kowane gida da ya sha ɗumi ta wannan hanya ya rage kwal ko gas da za a ƙona dominsa. Yabon gwani ya zama dole.